Shekarar da Ganyen Inabin Baba Ya Yi Rawaya

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna yi, ku 'ya'yana, ni kuma na daɗe ina jin daɗinta ina yin shiru. Kuna cewa ubanku yana da hannun itace, wai da ba don ni ba da inabin tsakar gidanmu ya mutu tun kuna ƙanana. Ranar sadakar arba'in ɗin Innarku ma sai da na ji ɗan'uwanku Sani yana faɗa wa baƙi haka a ƙarƙashin rumfar, suna ɗaga kai suna jinjinawa, ni kuwa na gyara zaman rawanina kamar gaske. To, ba haka aka yi ba. Na tsufa, ido ya fara yi mini gardama, ku kuma kun warwatsu, wani a Madani, wani a Saudiyya, ban sani ba ko za mu sake haɗuwa a tabarma ɗaya in gaya muku da baki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Innarku Dije ce ta ceci inabin nan, ta kuma ceci abin da ya fi inabin. Ni abin da na yi a wannan shekarar shi ne na kusa korar ƙanena daga gidan ubansa.

Asalin inabin kun san shi sama-sama. Kakanku Malam Garba ne ya zo da shi lokacin da ya dawo daga Hajji, sanda ɗaya wadda ba ta wuce kamu biyu ba, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Mutanen ƙauye suka yi masa dariya, suka ce baƙar ƙasar Jazira auduga ta sani da dawa, ba ta san wannan baƙon ba. Bai kula su ba. Ya ɗebo yashin kogi a kan jaki tun daga wajen Kamlin, ya gauraya da taki, ya dasa. Kafin ya rasu inabin ya rufe rakubar tsakar gida gaba ɗaya, wato rumfar da muke shan inuwa. 'Ya'yansa ƙanana ne masu ɗan tsami, amma duk ƙauyen babu wani, kuma in ya nuna sai an kai wa liman da ungozoma da duk gidan da ke da mara lafiya. Da tsohon zai cika, abu biyu ya bar mana ni da ƙanena Isiyaku. Ya ce mu kula da itacen, mu kuma zauna tare. Ni na rungumi na farkon da hannu biyu, don shi ne ake gani daga waje.

Gidan a lokacin kashi biyu ne, da 'yar katanga iya ƙirji a tsakani da ƙofa marar ƙyaure. Mu muna gabas, Isiyaku da matarsa Asha da 'ya'yansu huɗu suna yamma. Gindin inabin yana gefenmu, amma dab da katangar. Asha mace ce mai neman na kanta, tana yi wa malaman makaranta da ma'aikatan asibitin ƙauye wanki da guga, ruwan wankin kuma yana bin wani ɗan lambatu ta gindin katangar ya fita waje. A nan dole in tsaya in yi muku bayanin wani abu, don ku 'yan yanzu abin dariya kuke ɗaukarsa. A wurinmu, tsakanin wa da matar ƙanensa kunya ce. Shekara goma sha ɗaya Asha tana gidan nan ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa kallon fuskarta sosai ba, ban taɓa taka sashensu na ciki ba. In ta gan ni tafe sai ta ja mayafinta ta durƙusa ta gaishe ni tana kallon ƙasa, in amsa ina kallon wani wuri. In ina da saƙo, ta bakin Dije ko ta bakin Isiyaku yake bi. Haka muka gada, kuma ba gaba ba ce, girmamawa ce.

Bayan ɗaukewar ruwan sama a wannan shekarar, auduga ta fara fure, sai ganyen inabin ya fara rawaya. Da farko ɗaya nan ɗaya can, sannan reshe guda, sannan ganyen ya fara naɗewa yana zuba a kan masu shan shayi. Ni kuwa a lokacin na yi shekara talatin ina noman hawasha, gonar da hukumar noman rani ta ba mu, kuma ina jin babu abin da ganye zai gaya mini wanda ban sani ba. A hawasha in ganye ya yi rawaya, ko ƙishirwa ce ko yunwa. Na ba shi ruwa har gindin ya zama taɓo. Bai canza ba. Na ɗebo takin yuriya daga buhun auduga, cikin hannu biyu, na barbaɗa. Nan ya yi mini abin da ya ƙara ruɗa ni, ya fitar da sababbin rassa masu laushi, na fara yawo ina murmushi, bayan mako biyu su ma suka yi rawaya fiye da na da. Tun da ba zai yiwu a ce ni ne ban gane ba, sai na fara neman mai laifi. Na duba na ga rawayar ta fi yawa ta wajen katanga, na leƙa na ga kumfar sabulu tana bin lambatu. Shi ke nan, na gama bincike.

Da a gida na yi maganar, da ta mutu a gida. Amma kaina ya ɗau zafi, sai na tare Isiyaku a ƙofar masallaci bayan la'asar, mutane suna saka takalma.

"Isiyaku, ka hwaɗa ma iyalinka ta bar zuba ruwan dauɗar mutane ga gindin itacen Baba. In wankau za ta yi, ga tur'a can, ta tahi bakin ruwa."

"Yaya, shekara nawa tana wanki nan wurin, itacen bai ce komi ba?"

"To, yanzu ya ce. Abin da tsoho ya dasa da hannunai, ku kashe shi da kumhwar wandon malaman makaranta?"

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar ce ta yi ɓarnar. Isiyaku, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ransa ya ɓaci sai ya ƙara ladabi. Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa a hannu, bai ma saka ba, ya tafi. Washegari Asha ta ɗauki kwanon wankinta a ka ta nufi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke bayan gari, tafiya mai nisa cikin rana, kuma duk matar da ta gan ta ta san dalili. Bayan kwana uku Isiyaku ya same ni a rakuba, ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙo.

"Yaya, in munka yanke dawa za mu koma Damazin, wurin 'yan'uwanta. Na yi magana da mai lori. Kalas, shi ke nan, mu bar ma itacen wuri shi sha iska."

Abin da ya kamata in ce a lokacin kowa ya san shi. Abin da na ce kuwa shi ne, "Allah shi kiyaye hanya." Na ce da shi haka ina zuba shayi, kuma har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Saura wata ɗaya a yanke dawa.

Innarku 'yar garin Mai Wurno ce. Ubanta mai lambu ne a bakin kogi, lemo da gwaiba da mangwaro, kuma tun tana yarinya ita ke bin sa tana riƙe masa kwando. Ba ta yi makaranta ba bayan ta allo, ba ta kuma da hayaniya, amma ban taɓa ganin mutum mai kallon abu har ya gan shi kamarta ba. Ni ina kallon ganye daga nesa, hannu a baya, kamar mai duba gonar wani. Ita kuwa ta lura tabarmar da ke ƙarƙashin rakuba ta fara manne wa ƙafa. Ta lura kuɓewar da ta yanka ta shanya a wurin ta yi danƙo, wani baƙi-baƙi kamar kunkunniya ya hau tsofaffin ganye. Ta lura da tururuwa suna hawa gindin inabin a layi, suna saukowa ciki a cike. Sai ta ɗauko turmi ta kife, ta hau, ta bi tururuwan nan da ido har inda suke tsayawa. Da safe, da ta kawo mini shayi, sai ta ajiye wani ɗan reshe kusa da kofin.

"Malam, ba ruwan Asha na ba. Ƙwaro na ka shan itacen ga."

"Wane ƙwaro? Ina yake?"

Ta nuna mini wasu 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa a jikin reshen da bayan ganye, jere a kan jijiya, kowanne bai kai rabin ƙwayar wake ba. Na taɓa, ba su motsa ba. Na hura, ba su tashi ba. Na yi dariya.

"Ke, wanga ɓawon itace na. Ƙwaro yana da ƙahwa, yana da hiffike. Shekara talatin ina ganin ƙwarin auduga, jirgi na zuwa shina heshi bisa kanmu, ke za ki nuna mini ƙwaro?"

"Na gan shi ga lemon Babanmu. Zaune yake ci."

"To, shi zamna."

Ku fahimce ni, ba wauta ce zalla ba. Mu mutanen auduga ƙwaron da muka sani mai motsi ne, farin ƙuda da ke tashi in ka girgiza ganye, da tsutsar da ke huda ƙwallo. Abin da ya manne wuri ɗaya bai ko motsa ba, idonmu bai koyi ɗaukarsa a matsayin mai rai ba. Amma gaskiyar ita ce ko da ya tashi ya cije ni a hanci a ranar ba zan yarda ba, don in ƙwaro ne, to na zalunci matar ƙanena a gaban jama'a.

Dije ba ta ja da ni ba. Ba halinta ba ne. Ta ɗauke kofin, ta gama aikin gida, sannan ta ɗauki garwa ta bi Asha bakin tur'a. Ta zauna ta taya ta wanki, da aka gama ta ce a juye mata ruwan sabulun a garwa, ta ɗauko shi a ka har gida. Ta ɗiga man riɗi kaɗan a ciki ta kaɗa. Ta samo totuwar masara da tsumma, ta hau turminta, ta fara wanke inabin. Kuma ba duka ba. Babban reshen da ya bi ta kan katangar Asha, wanda ya fi kowanne lalacewa, shi kaɗai ta zaɓa, ta bar sauran yadda suke. Ta ɓare tsohon ɓawon da ya saki, ta goge da totuwa, inda totuwa ba ta shiga ta sa farce. Ganye ɗaya-ɗaya take juyawa tana share bayansa. In ta gama ta ɗauraye da ruwa mai kyau. A gindin kuma ta ɗaura tsumma da ta shafa wa toka da tsohon mai, don tururuwa su rasa hanya. Kullum haka, in rana ta yi sanyi, kwana ashirin da uku. Ni ina wucewa ina tsokana, ina tambaya ko amaryar ta kusa fitowa daga wanka, ko a kawo turare. Takan ce, "Saura kaɗan, Malam," ta ci gaba da abinta.

Ana saura kwana huɗu lori ya zo, an riga an yanke dawa, na dawo daga sallar asuba gari ya yi haske, sai ta tsayar da ni a tsakar gida ta ce in ɗaga kai. Reshen katanga ya fitar da sababbin ganye, kore shar, a buɗe, babu danƙo. Sauran inabin kuwa, wanda ruwan Asha bai taɓa ba tun da ta koma tur'a, yana nan rawaya, har ya fi da. Sai ta jawo wani reshe daga ɓangaren da ba ta wanke ba, ta kama babban yatsana, abin da ba ta taɓa yi a tsakar gida ba, ta danna farcena a kan ƙurji ɗaya. Ya fashe. Wani ruwa ja-ja ya fito, a ƙarƙashin ɓawon kuma ga wani abu kamar gari, da na kawo ido kusa sai na ga garin yana tafiya.

"Ɓawon itace yana jini, Malam?"

Na goge farcena a jikin riga.

"Wancan reshen kuwa, da ruwan wankin Asha na wanke shi. Ruwan da kac ce shi ka kashe shi."

Kuna tsammanin nan na sallama? Ba ku san ubanku ba. Na yanki reshen na sa a aljihu, na hau keke har ofishin gona, wurin wani saurayi mai duba ƙwarin auduga. Ya sa gilashinsa ya duba, ya kira sunan abin da Larabci, ma'anarsa ƙwaro mai ɓawo. Ya ce yana kafa baki ne a jikin itace ya yi ta tsotsar ruwansa har ganye ya rasa abinci ya yi rawaya. Danƙon nan kashinsa ne, shi tururuwa ke sha, shi ya sa suke gadinsa. Ya ce ya fi son wurin da iska ba ta ratsawa, kamar jikin katanga. Ya tambaye ni ko na sa taki, na ce yuriya kaɗan. Ya yi dariya ya ce ai walima na yi musu, don sabon reshe mai laushi suka fi so. Da na ba shi labarin sabulu da man riɗi da tsumman toka, sai ya ajiye gilashin ya ce wa ya yi wannan dabarar, don ko shi abin da zai ce a yi ke nan, sai dai a ƙara da sare rassan da suka lalace a ƙone. Na buɗe baki na ce, "Mu." Daga wannan "mu" ɗin ne labarin da kuka taso da shi ya samo asali.

Na dawo gida, na ce wa Dije zan je in sami Isiyaku mu daidaita. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ba Isiyaku kaɗ ɗora ma laihi ba."

"Ke, mi kike nuhi? In tahi in yi magana da matar ƙanena? Ina kunya?"

"Kunyar ba ta hana ka kai ta ƙohwar masallaci ba, Malam."

A zamanmu duka, shekara arba'in da wani abu, wannan ce magana mafi zafi da ta taɓa gaya mini, kuma a hankali ta faɗe ta, kamar tana tambaya ko a ƙara gishiri. Na yi fushi na kwana biyu, fushin wanda ya san an fi shi gaskiya. Na huce a kan inabin. Na sare duk rassan da suka lalace na ƙone a bayan gida, rakuba ta koma sanduna tsirara ban da reshen katanga, kuma a shekarar ko ƙwaya ɗaya ba a kai wa liman ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar yana bayan katanga, inda nake jin ana ɗaure kaya.

Ranar tafiya da hantsi lori ya tsaya a ƙofar gida. An fito da gadaje an jingina, an ɗaure tukwane cikin buhu, matan unguwa sun cika sashen Isiyaku suna sallama, wasu suna share hawaye. Dije ta zo ta tsaya a gabana. Na tashi. Tsakanin rakuba da ƙofar katangar nan taku shida ne, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Da matan suka gan ni a cikin sashen sai suka ja gefe suka ba ni hanya. Asha tana zaune a kan ƙullin kaya, ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa bango. Isiyaku yana tsaye da igiya a hannu. Na durƙusa a ƙasa, ni babban wa, a gaban matan unguwa, na kira sunan da ban taɓa kira ba.

"Asha. Na zalunce ki. Ruwanki bai cuci itacen ba, shi ma ya warkar da shi. Na hwaɗi magana gaban mutane, ga ni gaban mutane ina janye ta. Ki yahe mini, ku zamna gidanku."

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu." Mai lori ya danna oda a waje. Asha ta gyara mayafinta. Da za ta yi magana ba ni ta yi wa ba, ita ba ta karya kunyar ba. Da Dije ta yi.

"Yaya Dije, ki ce ma Malam na ji, na yahe. Amma ki ce mai ba duƙawarshi ta tsai da ni ba. Nuna mai hannunki."

Dije ta tura hannuwanta cikin mayafi, ta ce a bar wannan maganar. Asha ta miƙe ta kamo su da ƙarfi ta fito da su, ta buɗe tafin a gabana, fuskarta har lokacin a juye. Sabulun wankau mai kaifi ne. Yatsun sun tsattsage har nama, farcen manyan yatsu biyu sun cinye sun koma rabi, an cusa lalle a cikin tsagar don ta daina jini.

"Kullum ni ka ɗaura mata lalle bakin tur'a," in ji Asha. "In na tahi, wa za shi ɗaura mata?"

Isiyaku ya ajiye igiyar a hankali ya fita wurin mai lori. Asha ta sa hannu ta fara kwance ƙullin da ta tashi daga kai, matan suka taya ta. Ni kuwa ina nan durƙushe, na kasa tashi. Kwana ashirin da uku hannuwan nan suna tuƙa tuwo suna ajiye mini a gaba, ina ci ina tsokanarta, kuma sai a ranar na gan su.